Sai Ruwa Ya Ba Da Hanya

Ban iya iyo ba. Na faɗi haka tun farko ne don mai karatu ya san da irin zuciyar da na taka katakon gadar shiga jirgi, da ƙarfe takwas na safe, wata rana cikin watan Janairu, a kudancin ƙasar Tailan. 'Yata ce ta shirya tafiyar. Ita ta yi magana da mai jirgi, ita ta karɓo mana rigunan ceto biyu masu ruwan lemo, ita kuma ta ɗaure min igiyoyin tawa har sau biyu tana cewa, "Baba, ko zafi ya dame ka kar ka kwance ta." Na ce, "Mamana, ai ko ba ki faɗa ba."

Sunan wurin Phang Nga, ana furta shi kamar Pang-nga. Mashigi ne da Tekun Andaman ya yi tsakanin tsibirin Puket da babban yankin ƙasar. A 1981 gwamnati ta keɓe wani yanki nasa mai faɗin murabba'in kilomita 400, da tsibirai 42 a ciki, ta mai da shi gandun da doka ke karewa. A 2002 kuma aka sa shi cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya baki ɗaya. Duk wannan na karanta kafin mu taso. Hotunan ma na gani har sun ishe ni: koren ruwa, duwatsu a tsaye cikinsa kamar an dasa su da hannu. Na ɗauka abin da zan gani ke nan, in ɗauki nawa hoton in dawo.

Jirginmu na katako ne, dogo, siriri, da 'yar rumfa a tsakiya. A can baya an ɗora injin mota sukutum bisa wani ƙarfe mai juyawa, daga jikinsa doguwar sanda ta miƙa cikin ruwa, farfela tana ƙarshenta. Don haka mutanen ƙasar ke kiransa jirgi mai dogon wutsiya. Matuƙin yana tsaye ne, yana riƙe da hannun injin. In ya karkata shi jirgi ya juya, in ya danna shi ƙasa farfela ta fito sama da ruwa. Da farko ƙarar kawai nake ji, don tana shiga har cikin haƙori. Sai da yamma na gane amfanin wannan ƙira.

Matuƙin dattijo ne, rana ta dafa fatarsa, ya ɗaura zane a ƙugu. Da ya dube ni sai ya yi min sallama cikakkiya, na amsa, muka yi musabaha. Musulmi suna da yawa a wannan yanki, musamman cikin masunta, kuma na lura samarin da ke gadar suna kiransa Bang, wanda 'yata ta ce min kamar a ce Yaya ne. Ni ma na riƙe shi da haka har muka rabu.

Tun kafin a tayar da inji muka yi ɗan saɓani. Na ji labarin wasu tsibirai masu rami a ciki, da ake shiga ta kogo, na ce a fara da su tun da sauran sanyin safiya. Bang ya girgiza kai. Ya nuna ruwa, ya ɗaga tafin hannunsa sama a hankali, sannan ya sauke, ya ɗaga yatsu biyu. 'Yata ta fassara min abin da ya haɗa da 'yan kalmomin Turancinsa: ruwa yana hawa yanzu, kafin mu isa zai rufe bakin kogon, sai wajen ƙarfe biyu. Na so in yi gardama, don ni na biya kuɗin jirgi. Sai ya tambaye ni, yau nawa ga wata? Bai nufi Janairu ba. Na lissafa na ce sha uku. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da ta kashe magana, ya ja igiyar injinsa.

Daga baya na fahimci lissafin nasa. A wannan gaɓa ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana guda, kuma wata ne ke jan sa. Kullum lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkirta. A tsayuwar wata da kuma kwanakin da ya cika, jan rana da na wata suna haɗuwa wuri guda, sai ruwa ya yi tumbatsa sosai, ya kuma janye sosai. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, hawan da saukar ba su da ƙarfi. Mutumin da rayuwarsa take kan ruwa ba ya bukatar takarda ta gaya masa wannan.

Muka fara bi ta wani kogi mai karkace-karkace tsakanin itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. A nan ne mafi girman dajin irinsu da ya rage wa Tailan. A cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande da kaguwa suke hayayyafa, su kuma suke riƙe laka kada ruwa ya tafi da gaɓa. A lokacin ruwa ya kai rabin saiwoyin. Bang ya rage gudu a gindin wani dutse da ake kira Khao Khian, dutsen rubutu, ya nuna mana sama. Zane-zane ne da jan launi a jikin bango, na kifi da wasu dabbobi da mutane, an ƙiyasta sun kai shekara 3,000. Na daɗe ina kallonsu. Wani ɗan Adam ya tsaya a wurin nan da kwale-kwalensa, ya ga kifi, ya ji yana son ya bar alamarsa.

Da muka fito daga kogin sai mashigin ya buɗe gaba ɗaya. A nan na yi shiru. Duwatsu ne ko'ina, wasu kusa, wasu can nesa sun yi shuɗi-shuɗi cikin hazo, kowanne ya tashi tsaye cak daga ruwa babu gangara, kansa lulluɓe da kurmi. Jikinsu toka-toka ne da zirin ja da baƙi, kamar inda ruwa ya daɗe yana bin bango. Ruwan kore ne amma ba ya nuna ƙasa, saboda lakar da koguna ke kawowa, kuma a kwance yake lumui, don tsibirin Puket ya tare masa manyan igiyoyin teku. Wannan ya kwantar min da hankali ƙwarai.

Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Masana sun ce ya taru ne daga ɓawon halittun ruwa da murjani a ƙarƙashin wani tsohon teku, sama da shekara miliyan 250 da suka wuce, daga baya motsin ƙasa ya ɗago shi ya tsattsaga shi. Ruwan sama idan ya haɗu da iskar da muke fitarwa a numfashi yana yin ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba zai ji ba, amma ya isa ya narkar da irin wannan dutse in an ba shi lokaci. Yana bin tsaga yana ci, yana faɗaɗa ta, har mai laushi ya tafi, mai tauri ya rage a tsaye. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya da yawa, teku ya yi ƙasa da inda yake yau da wajen mita 120. Wato inda jirginmu ke gudu a da tudu ne, ana iya taka shi da ƙafa, waɗannan tsibirai kuwa kawunan duwatsu ne da ruwa ya zo ya kewaye.

Idan aka matsa kusa sai a ga gindin kowane dutse a ƙwaƙule, daidai tsakanin inda ruwa ke cika da inda yake janyewa. Igiyar ruwa tana ci, ƙananan halittun da ke manne a jiki su ma suna ƙwaƙula, har dutse ya koma kamar laimar kwaɗi. Bang ya shigar da mu ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗannan rumfuna, inda wasu tsinin duwatsu ke rataye a kanmu suna ɗigar da ruwa. Digo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu, mai sanyi.

Wurin da kowa ke zuwa dominsa shi ne Khao Phing Kan, da dutsen da ke tsaye gabansa, Ko Tapu, wato ƙusa. Tsayinsa wajen mita 20, gindinsa siriri, kansa ya fi faɗi. Tun da ya fito a wani fim ɗin James Bond a 1974 aka laƙaba wa wurin sunan tsibirin James Bond, kuma saboda gudun kada ya ƙara zaizayewa an hana jirage matsawa kusa da shi. Dutsen yana da kyau, ban musa ba. Amma mun tarar da jirage sun fi ashirin, 'yar gaɓar cike da rumfunan masu sayar da tsaraba, mutane a layi kowa yana miƙa tafin hannu don hoto ya nuna kamar ya ɗauki dutsen. Minti ashirin muka yi. Wanda duk ya zo Phang Nga ya tsaya a nan kaɗai ya koma, a ganina ya yi asarar ranarsa.

Sha biyu da rabi muka isa gefen tsibirin Phanak. Wani babban jirgi yana tsaye a wurin ɗauke da ƙananan kwale-kwalen roba da ake hurawa da iska. Bang ya kashe inji, ya ɗaure jirginmu a jikinsa, ya nuna min bangon dutse. Ban ga komai ba sai wata baƙar tsaga da ba ta kai tsawon hannu ba a saman ruwa. Ya ce nan ce ƙofar.

Muka zauna jira. Fiye da awa guda. Da farko raina ya ɗan sosu, ina duba agogo, ina tunanin wuraren da za mu iya zuwa a wannan lokaci. Amma da ƙarar injin ta fita daga kunnena sai na fara jin wasu abubuwa: ruwa yana shiga ƙarƙashin dutse yana fitowa da wani sauti kamar ana haɗiya, gyare yana kuka a cikin kurmin sama, wata shirwa mai farin kai da jan jiki tana kewaya mu ba ta ko kaɗa fiffike. Na zuba wa tsagar ido. Ba a ganin motsinta, amma in ka kau da kai ka dawo sai ka tarar ta ƙara buɗewa, wani sabon layi na jiƙaƙƙen dutse ya bayyana. 'Yata ta jingina da kafaɗata ta yi gyangyaɗi. Na manta rabon da ta yi haka, wataƙila tun tana firamare.

Wajen biyu saura kwata wani saurayi ya kawo kwale-kwale gefenmu. Mutum biyu yake ɗauka, shi na uku a baya da filafili. 'Yata ta zauna gaba, ni a tsakiya. Da muka tunkari bakin kogon ya ce mu kwanta rigingine, mu haɗe hannuwa a ƙirji, kada mu taɓa rufi. Dalilin a bayyane yake: rufin cike yake da ɓawon kawa masu kaifi kamar reza. Na kwanta. Haske ya ɗauke kaɗan-kaɗan. Saurayin ya ajiye filafili ya koma tura mu da hannu, yana dafa inda ya san babu kaifi. Tocilar da ke goshinsa ta nuna min dutse bai fi taƙi ɗaya daga hancina ba. Warin kashin jemage ya cika wurin, ina jin cicirinsu a wani lungu sama. Ina jin bugun zuciyata a kunne. Na kama karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Daga gaba na ji muryar 'yata ƙasa-ƙasa, "Baba, kana lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Mamana, kwanta kawai." Akwai inda gefen kwale-kwalen ya goga da bango har saurayin ya ɗan sassauta iskar robar don mu wuce.

Sai wani koren haske ya fara wasa a rufin. Ya ce mu tashi.

Muna tsakiyar tsibirin. Bango ne ya kewaye mu ta kowane ɓangare, a tsaye, ya fi dogon bene tsayi, itatuwa sun maƙale a jikinsa tun daga ƙasa har sama, saiwoyinsu suna bin tsaga. Can ƙoli sararin samaniya ne zagaye kamar bakin rijiya. A ƙasa ruwa ne kwance ko motsi babu, da 'yan itatuwan mangurof a tsakiya. Iska ba ta shigowa, ƙarar teku ba ta shigowa. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan wuri hong, wato ɗaki. Asalinsa babban kogo ne da ruwa ya ƙwaƙule a cikin dutsen, rufinsa ya yi ta sirancewa har wata rana ya rufta, rana ta samu shiga, tsuntsaye da iska suka kawo iri. Wanda ya kewaya tsibirin ta waje sau goma ba zai san akwai shi ba.

Saurayin ya ɗora yatsa a leɓe. Babu wanda ya yi magana. Wata cilakowa baƙa da fari ta tsallaka daga bango zuwa bango, ƙarar fiffikenta ta cika ɗakin. A kan wani reshe biri yana zaune yana kallonmu, irin birran nan masu dogon wutsiya da ke saukowa kamun kaguwa in ruwa ya janye. Ban ɗauki hoto ba, wayar tana cikin leda a aljihun rigar ceto kuma ban tuna da ita ba. Subhanallah kawai nake maimaitawa a zuci. Na ji idona ya kawo ruwa, na bar shi.

Ba mu fi minti ashirin da biyar ba saurayin ya nuna gindin bango. Layin jiƙa ya ƙara faɗi, laka ta fara leƙowa a gefe. In muka ƙara jinkiri ruwan kogon zai yi ƙasa har kwale-kwale ya zauna a taɓo, sai dai mu jira cikar dare. Muka sake kwanciya. Fitar ta fi sauƙi, rufin ya ɗan yi nisa da fuska.

Da muka koma jirgi Bang ya dube ni, ya ɗaga gira. Na kama hannunsa da hannuwana biyu. Bai ce komai ba, ya yi murmushi ya tayar da inji.

La'asar ta kawo jiki muka isa Ko Panyi. Tun daga nesa ake hango ƙubbobin masallacinsa masu ruwan zinare a gindin wani ƙaton dutse. Gari ne sukutum a kan ruwa: gidaje, makaranta, shaguna, duk bisa dirkoki, lunguna na katako da siminti sun haɗa su. Masunta Musulmi da suka taso daga tsibirin Java ne suka kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, kuma yau mazaunansa sun haura dubu. Suna ba da labari cewa kakanninsu sun yi alkawari duk wanda ya fara samun wuri mai kifi zai kafa tuta a kan dutse don sauran su gani, daga nan sunan ya samo asali, don panyi tuta ke nan. Gaban garin cike yake da wuraren cin abinci na baƙi, amma da muka ratsa ciki muka tarar da rayuwa ta yau da kullum: tsohuwa tana ɗinkin taru, shanya a igiya, yara da allunan makaranta na zamani a jaka, ruwa yana motsi ƙarƙashin ƙafarmu ta tsakanin katako.

Na yi alwala na haɗa azahar da la'asar a masallacin. Wani tsoho da ya idar da nasa ya matso muka gaisa. Ba mu da yare ɗaya, amma da na ce alhamdu lillahi ya amsa da irinta, ya dafa ƙirjinsa.

A gefen garin akwai filin ƙwallo da ke yawo a kan ruwa. Yaran garin ne suka fara yin irinsa bayan sun kalli gasar cin kofin duniya ta 1986 a talabijin. Ba su da ko taƙi na fili, sai suka tattara tsofaffin katakai da ƙusoshi suka haɗa dandali a kan ruwa, suna wasa ba takalmi, ƙwallo ta faɗa teku a yi tsalle a ɗauko. Ƙungiyar da ta fito daga nan ta yi suna a gasannin matasa na kudancin ƙasar. Yanzu an yi musu na zamani. Muna tsaye ƙwallo ta fita, wani yaro da bai fi shekara takwas ba ya bi ta tsundum, ya dawo yana dariya kafin in gama salati.

Rana ta yi ƙasa muka kama hanyar komawa, ta kogin da muka bi da safe. Ban gane shi ba. Ruwa ya janye sarai, saiwoyin mangurof sun fito tsirara sun fi mutum tsayi, laka mai sheƙi ta shimfiɗu hagu da dama. Kaguwa ƙanana masu hannu ɗaya ƙato suna ɗaga shi sama suna saukewa. Ga kuma wani kifi mai idanu a tsakar ka, yana jan jiki a kan taɓo da fikafikan gabansa kamar ƙafafu, yana tsalle, ya fi jin daɗin waje da cikin ruwa. Yana riƙe ruwa a kumatunsa, fatarsa kuma tana shaƙar iska muddin tana da laima. 'Yata ta roƙi Bang ya tsaya, ya tsaya.

Hanyar ta rage 'yar siririya a tsakiya. Sau biyu na ji cikin jirgin ya goga ƙasa, Bang ya danna hannun injin, farfela ta ɗago har tana watsa ruwa sama, muka silale muka wuce. A karo na uku ya kashe injin gaba ɗaya, ya ɗauko doguwar gora ya fara tura mu. 'Yata ta taɓa ni ta nuna gabas. Watan ya riga ya fito a kan duwatsun, fari fat, saura kaɗan ya cika, rana kuwa ba ta gama faɗuwa ba. Bang ya bi hannunta da kallo, ya nuna watan da haɓa, sannan ya nuna lakar da ke gefenmu, ya ci gaba da tura gorarsa har muka hango fitilun gada.